Filin Tambaya da Amsa: Wane wasan karta zan koya na karanta zuciya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Jekadafari, Gombe. Ina sha'awar wasan rufa-ido na karta, musamman irin wanda za ka nuna kamar ka san abin da ke zuciyar mutum. A majalisarmu nake so in riƙa yi, ba a dandamali ba. Na ga iri-iri a YouTube har na rikice. Wanne zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka zaɓi wasa, fara duba inda za ka yi shi. Mai dabo a dandamali yana da tazara, kowa yana gabansa. Kai kuwa a kan benci ko tabarma kake, wani na dama, wani na hagu, wani yaro ya leƙo ta bayan kafaɗarka. Kuma mutanenmu ba sa kallo hannu a naɗe. Kana gamawa za ka ji an ce "kawo kartar mu gani". Duk wasan da ba zai jure wannan kalma ba, ba na majalisa ba ne.

Shi ya sa ban ba ka shawarar fara da karta mai haɗi ba, wato wadda aka sarrafa tun daga masana'anta. Akwai wadda ake kira Invisible Deck: mutum ya ambaci kowace karta a cikin 52, ka baje, sai a ga ita kaɗai ce a kife. Abin yana girgiza mutane ƙwarai. Amma ba za ka iya miƙa ta a hannun kowa ba, kuma ranar da ka hana, ranar aka gano ka.

Wasan karta 21 ma ka bar shi. Ana raba ta gida uku, bakwai-bakwai, sau uku, kullum ana sa gidan da mutum ya nuna a tsakiya, sai kartarsa ta faɗo ta 11. Ba ya kuskure, amma kowa yana ganin lissafi kake yi, kuma kafin zagaye na uku shayi ya huce, hira ta koma ƙwallo.

Abin da nake so ka riƙe shi ne dabarar karta mai shaida. Ka saci kallon kartar da ke ƙasan tulin, ka haddace ta, ita ce shaidarka. Abokinka ya zari ɗaya, ya duba, ya nuna wa jama'a, ya ɗora a sama. Sai ka ce ya yanke tulin da kansa, ya ɗora na ƙasa a kan na sama. Yanzu shaidarka tana kwance a kan kartarsa. Ko ya sake yankewa sau biyu ko uku, jerin bai lalace ba. Idan yankan ya faɗa tsakaninsu, za ka ga shaidar a ƙasa, tasa kuma a sama. Cakuɗawa ce kawai ke raba su, don haka kada ka ba shi damar hakan.

Sirrin ke nan gaba ɗaya, kuma yaron firamare zai iya shi. Aikin yana wajen bayyanawa. Kada ka yi wuf ka zaro kartar, domin nan take za a ce ai gani ka yi. Ka baje su a buɗe, ka riga ka san wacce ce. Ka riƙe wuyan hannunsa, ka ce ya miƙa yatsa, ya riƙa ambaton kartar a ransa. Ku bi jerin a hankali. Ka wuce ta, ka ɗan tsaya, ka ce "a'a, hannunka ya yi nauyi a baya", ku dawo. Ka rage su zuwa uku, sannan biyu. Wannan jinkirin shi ne abin da za su tafi suna labari, don a idonsu hannunsa ne ya tona shi.

Wani abin da ya sa nake son wannan dabara: tana aiki da Whot. Ita ce a aljihun samari daga Pantami har Bolari, guda 54, kuma idan ta abokinka ce ka ara, tsohuwa mai lanƙwasassun kusurwa, babu mai cewa ka yi mata wani abu. Sai dai ka kula, Whot mai lamba 20 guda biyar ce iri ɗaya, kada ka ɗauke ta shaida. Idan ita ce a ƙasa, ka yanke ka sake dubawa.

In hannunka ya faɗa, ka nemi Out of This World, wanda Paul Curry ya ƙirƙira a 1942. Ɗan kallo ne ke raba karta a kife bisa abin da ransa ya ba shi, a buɗe a ga ja 26 gefe guda, baƙi 26 gefe guda. Yana buƙatar karta ta Turawa mai launi biyu, da shiri tun kafin ka zauna, da fili mai faɗi.

Saura magana ɗaya da ba zan tsallake ba. A garuruwanmu karta tana da sunan caca, karanta zuciya kuma yana kama da aikin boka. Tun kafin ka fara ka faɗa da bakinka cewa dabara ce da ka koya, babu aljani, babu sanin gaibu, wannan na Allah ne shi kaɗai. Kada ka yarda a sa ko naira biyar a kai, ko da wasa. Idan wani ya ja ka gefe yana so ka duba masa wanda ya sace wayarsa, ka gaya masa gaskiya nan take.

Ka yi atisaye a ɗaki har satar kallon ta zama ba ka tunaninta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da kake daidaita tulin kana magana. Kuma sau ɗaya ake yi a zama ɗaya. Idan suka ce ka maimaita, ka ce sai gobe, domin a karo na biyu hannunka za su zuba wa ido.