Kuskuren ya tafi, amma hotunan sun koma baƙi ƙirin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Sakkwato, aikin kammala karatuna kan gano cutar ganyen albasa ne daga hotunan da na ɗauko a gonakin Goronyo. Da yaren kwamfuta Python da OpenCV, manhajar sarrafa hotuna, nake aiki. Da na raba lambobin hoton da 255 don su koma tsakanin 0 da 1, sai cv2.cvtColor, umarnin canza tsarin launi, ya ƙi, wai bai karɓar CV_64F. Abokina ya ce in sa astype('uint8'), umarnin canza nau'in lambobin. Na sa, kuskuren ya tafi, amma hotunan duk sun yi baƙi. Saura mako biyu in tsaya gaban malamai, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, gyaran bai kai aikin minti biyar ba. Idan ka raba uint8 (cikakkun lambobi daga 0 zuwa 255) da 255, NumPy, manhajar lissafin da ke riƙe da hoton, float64 yake ba ka (lambobi masu ɗigo, su ne OpenCV ke kira CV_64F), shi kuwa cvtColor uint8 da uint16 da float32 kawai ya sani. Ka canza launin kafin rabawar, ko ka mayar da hoton float32. Sai dai ka lura, idan HSV kake mayar da hoton (tsarin da ke ware launi daga haske), lambar launi tana tsayawa a 179 a uint8, a float32 kuma tana kaiwa 360, don haka iyakokin da ka sa wa koren ganye sai ka sake su.

Shawarar abokinka ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ci karo da ita. An ɗauki astype('uint8') kamar maganin gargajiyar nan da ake tallarsa a tasha, mai warkar da kowace cuta. Ba ya daidaita komai, yanke abin da ke bayan ɗigo kawai yake yi. Lambobinka suna tsakanin 0 da 1, to 0.73 ta koma 0, 0.99 ma ta koma 0. Baƙin da ka gani ke nan.

Kai ma ka yi sa'a, tunda ɓarnar ta fito fili. Wadda ba ta fitowa ita ce abin tsoro. uint8 bai wuce 255, in ya wuce sai ya zagayo. Ƙara 100 a kan 200, 44 za ka samu. Cire 20 daga 10, 246 za ka gani, kuma ba saƙon da zai gargaɗe ka. Yanzu ka tuna ganyen da ka ɗauka da ranar tsaka, inda rana ta haske shi fat. Kana ƙara masa haske da alamar +, wuraren nan masu ƙyalli sai su zama tabo baƙi-baƙi, sak irin na cuta. Kwamfuta ta koyi tabon da kai ka ƙirƙira, ta ce lafiyayyar albasa ta kamu, manomi ya je ya kashe kuɗinsa a maganin feshi. Masu watsa irin wannan gyara a zaurukan WhatsApp, da masu sayar wa ɗalibai aiki shiryayye, abin da ya dame su jan rubutun kuskuren nan ya ɓace daga allo, shi ke nan. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Bayan kowane mataki ka buga dtype (nau'in lambobin) da min da max (mafi ƙanƙanta da mafi girma) ka gani da idonka. In za ka dawo uint8, fara ninkawa da 255, ka tsare da np.clip tsakanin 0 da 255, sannan astype. Ƙarin haske kuwa da cv2.add za ka yi, shi yana tsayawa a 255. Duk abin da ka horar da baƙaƙen hotunan nan, goge shi ka sake daga na asali.