Filin Tambaya da Amsa: Rigimar Wakafin Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. A 2015 mahaifinmu ya rubuta takarda gaban shaidu biyu cewa ya yi wakafin gidansa mai shaguna 6 ga 'ya'yansa da jikokinsa. Ya ci gaba da zama a gidan, yana karɓar kuɗin haya, har Allah ya yi masa rasuwa bara. Yanzu 'yan ɗaki ɗaya sun ce a raba gado, mu kuma mun ce wakafi ne. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, amsar ba za ta yi maka daɗi ba, amma gara ka ji ta kafin ka kashe kuɗi a kotu. Takarda da shaidu sun tabbatar da cewa Baba ya furta wakafin. Sai dai a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, furuci kaɗai bai isa ba, sai an yi hauzi, wato mai wakafi ya cire hannunsa daga dukiyar, waɗanda aka yi wa ko wakilinsu su karɓa, tun yana da rai da lafiya, bashi kuma bai cinye dukiyarsa ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa kyauta da sadaka da hubusi, wato wakafi, ba sa cika sai da hauzi, in mai su ya rasu kafin a karɓa sun koma gado.

Don haka alƙali ba zai tsaya kan kyawun takarda ba. Zai tambaya: wa ke riƙe da makullai? Sunan wa ke kan rasiɗin haya? Akwai shaidun da suka ga miƙawar da idonsu? Ku da kanku kun ce Baba ne ke zaune a gidan, shi ke karɓar haya. Da ma ya fita ya dawo, da sai a duba tsawon lokacin, domin Mukhtasar na Khalil ya ce in ya koma gidan kafin shekara ta cika wakafin ya ɓaci.

Akwai rangwame ɗaya, ga 'ya'ya ƙanana. Uba na iya riƙe musu, da sharaɗin ya kafa shaidu, ya kashe kuɗin hayar a kansu, kuma kada ya zama gidan da yake kwana ne. Wannan ma bai cece ku ba.

In kuna son cika burin Baba, ku bari a raba gadon, sannan duk baligin da ya yarda ya yi wakafin kasonsa, a wannan karon a miƙa a hannun mai kula gaban shaidu.

Tambaya: Kakanmu ya yi wakafin shaguna 12 ga zuriyarsa maza da mata, ya miƙa su tun yana raye. Baffanmu ne mai kula. Shekara 8 ke nan bai nuna mana lissafi ba, yanzu kuma ya ce zai sayar da 4, kuma matan da suka yi aure ba su da rabo. Yaya za mu yi? Daga wata Hajiya a Gusau.

Amsa: Hajiya, naku wakafin ya tsaya da ƙafarsa tunda an miƙa. Mai kula, wanda malamai ke kira naziri, ɗan amana ne, ba mai dukiya ba. Ba shi da ikon sauya sharaɗin da Kaka ya gindaya, don haka cire mata ba ya cikin hurumin Baffa.

Sayarwa ma haka. Tun daga wakafin filin Sayyidina Umar na Khaibar ƙa'idar ita ce ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Malikiyya sun tsananta a kan gida da fili, ko da sun zama kango. Inda suka sassauta shi ne faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta, kuma a sayi wani da kuɗin ya maye gurbi.

Ku fara da rubuta wa Baffa wasiƙa cikin ladabi, ku nemi lissafi, ku ajiye kwafi, ku sa dattawan gida a ciki. Kafin nan ku zagaya shagunan ku rubuta sunan kowane ɗan haya, nawa yake biya a shekara, wa yake bai wa. Nan ne ƙararraki da yawa ke faɗuwa: ana zuwa kotu da zargi ba da lissafi ba, alhali alƙali ba ya tsige naziri sai an tabbatar da ha'inci ko sakaci. Ku kuma yi masa adalci, domin gyaran shagunan ake fara cirewa daga haya, da ladan kulawarsa, kafin a raba saura.

In ya ƙi, ku shigar da ƙara a Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, ku roƙi umarnin dakatar da cinikin, da tilasta kawo lissafi, ku tafi da sunan wanda kuka amince ya gaje shi. In shagunan na da takardar mallaka ta gwamna, ku sanar da ofishin filaye a rubuce cewa akwai shari'a a kansu, tunda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana sauya hannu ba da yardar gwamna ba. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa hurumi kan wakafi da kyauta da wasiyya da gado na Musulmi.