Stata ta ba ni 0.0000, shi ke nan aikina ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu, ina bincike kan abin da ke sa mata haihuwa a asibiti ko a gida. Na saka shekaru, ilimi da nisan asibiti a lojistik (samfurin lissafi mai hasashen abu mai amsa biyu, kamar asibiti ko gida), manhajar lissafi ta Stata ta fitar da LR chi2(3) = 42.6, Prob > chi2 = 0.0000. Wanda ya taya ni ya ce samfurin ya yi daidai ɗari bisa ɗari, amma ga shekaru p ɗinsu 0.41, ya haura 0.05, wato ba a ga tasirinsu ba. Mako mai zuwa zan kare aikin, wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, babu saɓani a nan. Dubi jerin Iteration da ke saman sakamakon Stata, kowane layi da lambarsa ta log likelihood (ma'aunin yadda samfuri ya dace da bayanai): na 0 samfurin da ba a saka masa komai ba ne, na ƙarshe naki. Ɗebe lambar na 0 daga ta na ƙarshe, ki ninka biyu, 42.6 za ki gani. Ukun da ke cikin baka adadin abubuwan da kika saka ne, kuma a nan duk abin da ya haura 7.81, p ɗinsa ya yi ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba amfani da ita a ce akwai tasiri. Abin da gwajin ya ce kawai: a cikin ukun nan aƙalla ɗaya na da tasiri. Bai ce duka ba, shi ya sa shekaru suka faɗi, gwajin samfurin gaba ɗaya kuma ya tsaya.

Maganar ɗari bisa ɗari kuwa, ita ce ke ƙona min rai. Kullum sai ɗalibi ya shigo ofishina da ita, daga bakin masu shagon kwamfuta da ke karɓar kuɗi su danna maɓalli. Sifili huɗun nan ba sifili ba ne, ƙasa da 0.00005 ne aka taƙaita. Rubuta p < 0.001. Kuma da wa aka gwada samfurinki? Da wanda bai san komai ba! Wanda ya tsere wa gurgu ai ba a kiransa gwanin gudu. Idan matan da kika tambaya suna da yawa, ɗan tasiri kaɗan ma sai ya ba ki sifilan nan, alhali samfurin bai iya bambance mai zuwa asibiti da mai zama gida ba. Wasu har rikita shi suke da gwajin Hosmer da Lemeshow, mai auna dacewar samfuri da bayanai, inda ƙaramin p alamar matsala ce.

Kafin ranar, duba umarnin Stata na lroc (yadda samfurin ke bambance matan) da estat gof (dacewarsa da bayanai). In za ki cire shekaru, gwada da lrtest, mai kwatanta samfuri mai shekaru da marar shekaru, amma ki tabbata adadin matan bai canza ba a samfuran biyu.