Tambaya da Amsa: Shafin bogi da tsotsewar data

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo mini adireshin wani shafi ta WhatsApp, wai gwamnati na raba tallafi, a cike fom a saka BVN. Ta yaya zan gane na gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki saka komai tukuna. Tambarin gwamnati ko hoton gwamna a saman shafi ba shaida ba ne, kowa na iya kwafo su cikin minti ɗaya. Abin da ɓarawo ba zai iya kwafowa daidai ba shi ne adireshi.

Idan shafin ya buɗe a burauza, ko Chrome ne ko Opera Mini, ki taɓa dogon akwatin da ke can sama domin adireshin ya fito cikakke. Ki nemi karkataccen layi (/) na farko bayan sunan, sai ki karanta abin da ke dab da shi ta hagu. Nan ne ainihin mai shafin yake. Shafukan hukumomin gwamnati a Najeriya yawanci suna ƙarewa da .gov.ng, kamar jamb.gov.ng; jami'o'i kuma .edu.ng, kamar kasu.edu.ng ta Jami'ar Jihar Kaduna. Dabarar 'yan damfara ita ce su jera kalmomi irin su "gov" da "kaduna" a farko, amma ƙarshen ya faɗa .xyz ko .blogspot.com. Wanda bai kai idonsa ƙarshe ba, shi suke kamawa.

Wasu kan ce in an ga https ko alamar kwaɗo, shi ke nan. A'a. Ma'anarta kawai an kulle hanyar da ke tsakanin wayarki da shafin, kada wani ya leƙa a tsakiya. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Kuma duk shafin da ya nemi lambar sirrin katin ATM, ko lambar da banki ya turo ta tes, ko ya ce sai kin tura wa zaurukan WhatsApp goma kafin a biya ki, ki rufe shi.

Tambaya: Na sayi 1GB, kwana biyu ta ƙare, alhali ban cika shiga intanet ba. Daga wani mai karatu, Kawo.

Amsa: Malam, wayar tana sha ko ba ka taɓa ta ba. Rubutu ba ya cin data sosai, bidiyo ne matsalar: awa ɗaya na kallo mai kaifin hoto na iya lashe wajen 1GB. Shiga saitin WhatsApp, ɓangaren ajiya da data, ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. A Play Store ka mayar da sabunta manhajoji sai da Wi-Fi. A Facebook ka hana bidiyo kunna kansa. Daga nan ka danna *323#, ko MTN ne ko Airtel ko Glo, ka duba ragowar datarka safe da yamma. Saitin wayar kuma zai nuna maka manhajar da ta fi ci.