Barcin minti 20 sau shida ba zai maye gurbin barcin dare ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko za ka iya barin barcin dare gaba ɗaya, ka riƙa runtsawa na minti 20 duk bayan awa huɗu kamar yadda ka gani a YouTube, don ka samu lokacin karatu da na tsaron shago. Don Allah kada ka fara. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe ina aikin dare, na san yadda barcin gutsi-gutsi yake cin mutum.

Tsarin da ka gani shi suke kira Uberman, jimillarsa awa biyu kacal a yini. Masu tallarsa sukan kafa hujja da Buckminster Fuller, wani Ba'amurke da mujallar Time ta ba da labarinsa a 1943, wai minti 30 yake kwantawa duk bayan awa shida. Wannan labarin mutum ɗaya ne. A 2021 ƙwararrun National Sleep Foundation, wata ƙungiyar kula da lafiyar barci ta Amurka, sun tace binciken da aka yi a kan irin wannan tsari, ba su ga hujjar amfaninsa ba, suka ce ba su ba da shawarar a yi shi ba.

Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma gab da asuba, kuma da su biyun ƙwaƙwalwa take zaunar da abin da ka karanta da rana. A minti 20 galibi sama-sama za ka tsaya. To ina ribar ƙarin awannin karatun da ba zai zauna ba?

Abin da ya fi damuna shi ne mai ƙarancin barci ba ya gane halin da yake ciki. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida na tsawon mako biyu. Natsuwarsu ta yi ta raguwa har ta kai ta wanda ya yi dare guda cur bai runtsa ba, amma da aka tambaye su sai suka ce ɗan barci kaɗan suke ji. Awa shida fa ke nan, ina ga awa biyu. Wallahi haka nake gani a ɗakin marasa lafiya. Wajen ƙarfe huɗu na dare za ka ga abokin aiki yana rubutu a fayil, ido a buɗe, biro ya zarce ya ja layi har bakin takarda. Ka taɓa kafaɗarsa ya zabura ya ce maka, "Ai idona biyu." Shi ya sa a irin wannan lokaci nake neman wani ya sake duba min adadin allura kafin in yi wa majinyaci. Da safe kuma wannan mutumin zai hau mashin ya shiga titi.

Gajeren barci yana da amfaninsa. Claudio Stampi, wani masani ɗan Italiya, ya yi nazarinsa a kan masu tseren jirgin ruwa su kaɗai a teku, waɗanda ba su da halin kwanciya dare guda. A gare su rage ɓarna ne, dole ce ta sa. Kai kuwa kana da gado da dare.

Idan raba barcin kake so, raba shi biyu ba laifi, mu ma da ƙailula muka taso. Sharaɗin shi ne jimilla ta kai awa bakwai, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitocin barci suka ba baligi shawara. Ka kwanta ƙarfe goma, ka tashi asuba ka yi karatunka kanka a sake, bayan azahar ka ɗan kishingiɗa na minti 20 zuwa 30. Bayan la'asar ka haƙura da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, wayar ma ka ajiye ta nesa da shimfiɗa.

Wanda yake da farfaɗiya ko lalurar ƙwaƙwalwa a cikinmu kada ya gwada rage barci ko kaɗan, domin yana tayar da ciwon. In kuma kana cika awa bakwai amma kana yini da gyangyaɗi, ga minshari mai ƙarfi, je ka ga likita.