Jinin dubura bayan gashin ciwon daji: alwala da salla

Tambaya: Malam, an yi min gashi, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura a asibiti, saboda dajin bakin mahaifa bara. Wata 9 da gamawa sai jini ya fara fito min ta dubura, wani lokaci da majina. Mata a unguwa sun ce in bar salla. Yaya hukuncina? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Wannan ba haila ba ce, kada ki bar salla ko ɗaya. Waɗanda kika bari ki rama.

Abin da nake so ki lura da shi: jinin zalla yake fitowa, ko gauraye da bayan gida? In zalla ne, alwalarki na nan. In da bayan gida, kuma yana zuwa ba da ikonki ba, ki auna lokutan salla. Ya cinye rabinsu ko fiye, ya zama salas, wato abin da ke yawan fita ba da ikon mutum ba, ba ya karya alwala, sai dai an so ki sabunta in babu wahala. Bai kai rabi ba, ki sake alwala. Abin da ya taɓa zane kullum an yi miki rangwame.

Za ki ji masu cewa duk abin da ya fito ta mafita biyu yana karya alwala. Magana ce ta manyan malamai, Shafi'iyya da Hanabila, ba mu raina ta ba, amma ban ga ta rinjaya ba. Aya ta ambaci zuwa daga bayan gida, wato abin da aka saba fitarwa cikin lafiya. Naki kuwa rauni ne: gashin ya taɓa fatar cikin dubura saboda tana maƙwabtaka da mahaifa, ƙananan jijiyoyin jini suka yi laushi, abu kaɗan sai su fashe. Sayyidina Umar ya yi salla rauninsa na zubar da jini, Imam Malik ya ruwaito. To don raunin ya faɗo kusa da mafita sai hukuncinsa ya sauya? A ɗora wa mai jinya alwala goma a sanyin hunturu, da wace hujja?

Sannan kada ki ce basir ne ki nufi masu magani a mota da lasifika, ko ki yarda a tura miki wani abu. Wurin ba ya warkewa da wuri. Ki koma wa likitan da ya yi miki gashin, a leƙa da na'ura, don a tabbatar ba ciwon ne ya dawo ba, a kuma auna jininki. In an rubuta miki maganin ruwa da ake ɗurawa ta dubura, a azumi ki tambayi likita ko za a mayar da shi dare. Kuma ki gaya wa maigidanki, na san kunya ke sa irinku ɓoyewa. Wallahu a'alam.