Tambaya da Amsa: Sola a rufin ofis, nawa take rage hayaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani ofis a Kano, mu 10 ne. Muna da kwamfutocin tafi-da-gidanka 10, na'urar sanyaya ɗaki 2, firji, firinta da fankoki. Wutar KEDCO ba ta zama, janareta na shan kusan lita 12 na dizal kullum. Shugabanmu na so a kafa sola, kuma a rubuta a rahoton shekara yawan iskar kabon da muka rage. Fanel (farantin sola) nawa za mu saya, kuma yaya ake lissafin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da abin da ofis ke ci a wuni. Kwamfutocin za su ci kamar kWh 5 cikin awa 8 (kWh 1 shi ne yunit ɗaya na wuta, wato kilowat 1 na tsawon awa 1). Na'urorin sanyin, idan masu ƙarfin doki 1.5 ne irin masu tsimin wuta da ake kira masu inbata, za su ci kusan 16. Sauran kaya a ba su 4. Jimilla kWh 25 ke nan.

A Kano, kilowat 1 na fanel kan ba da kWh 4 zuwa 4.5 a wuni bayan an cire asarar zafi da waya. Saboda haka fanel 12 masu wat 550 sun wadatar. Ki tanadi fili kamar murabba'in mita 40, da inbata (na'urar da ke mai da wutar fanel da ta batir irin wadda kayan ofis ke amfani da ita) mai kilowat 8 da ke karɓar sola da wutar KEDCO da janareta, da batirin lithium mai kWh 10. Tunda da rana kuke aiki, kashe kuɗi a kan tulin batir asara ce. Kowane fanel ya kusa kilo 28, don haka kafinta ya hau ya duba katakon rufin kafin a ɗora komai.

A fuskantar da su kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15, a bar tazarar akalla santimita 10 tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Fanel ba ya son zafi: kowane digiri ɗaya sama da 25 yana zabtare kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, a watan Afrilu kuwa yakan haura digiri 60. Da hunturu a wanke su duk mako da sassafe, da ruwa zalla. Inuwar tankin ruwa a kan fanel ɗaya tana rage ƙarfin duk fanel ɗin da aka jona a layi ɗaya da shi. Kada mai haɗawa ya tsallake wayar ƙasa da abin kare tsawa. Damina ɗaya ta isa ta ƙona inbata.

Sai batun kabon, inda rahotanni da yawa ke zuƙi-ta-malle. Ba a lissafa shi daga abin da fanel zai iya bayarwa, ana lissafa shi ne daga man da aka daina ƙonawa. Lita 1 ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon dayoksaid, fetur kuwa 2.3. Lita 12 sau kwanakin aiki 250 ya ba da lita 3,000, wato kusan tan 8 a shekara, idan janaretan ya yi shiru ɗungurungum. In har yanzu ana tada shi a ranakun hadari, a cire wannan man.

Awannin da sola ta maye gurbin wutar KEDCO ribarsu ba ta kai haka ba. Wutar da KEDCO ke rarrabawa daga iskar gas take da madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro, kuma tana fitar da kamar kilo 0.4 a kowace kWh, ƙasa da rabin na ƙaramin janareta. Asabar da Lahadi kuma, da zarar batir ya cika, inbata kan rage jan wuta daga fanel. Wutar da ba a yi amfani da ita ba ba ta shiga lissafi.

Ki adana rasit ɗin dizal da takardun kuɗin wuta na watanni 12 kafin a kafa, ki kwatanta da na watanni 12 bayan an kafa, ki haɗa da adadin kWh da inbata ke nunawa duk ƙarshen wata. Idan mai binciken kuɗi ya tambayi kabon da aka fitar wajen ƙera fanel ɗin, a wuri mai rana irin Kano suna biyan wannan bashin cikin shekara 1 zuwa 2, garantinsu kuma yawanci shekara 25 ne.